Masu doguwar tafiya da keke, ya kuke yi da hanyoyin tudu da gangara?

Dan_Feda ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin tafiyar kwanaki a kan keke, musamman ta hanyoyin karkara masu hawa da sauka. Ni dai na jima ina tuƙa keke amma duk a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ne, babu kaya sai gorar ruwa, kuma a haka kilomita 80 a yini ba ta ba ni wahala. Yanzu so nake in ɗaura kaya in bi ƙananan hanyoyin nan da ke ratsa gonaki da tsaunuka, inda mota ba ta cika bi ba, in kwana inda dare ya yi min gari ya waye in ci gaba. Wallahi abin ya daɗe a raina.

Keken nawa faranti biyu gare shi a gaba, mai haƙora 50 da mai 34, a baya kuma giyar da ta fi girma haƙoranta 28 ne. Birkin roba ne irin mai matse rim, faɗin taya milimita 32. Kayan da na haɗa da tanti da abin shimfiɗa da tufafi da kayan gyara sun kai wajen kilo 18, duka a jakunkuna biyu a kan kariyar baya.

Abin da nake son sani, shin keken nan zai yi ko sai na canza wani abu? Kuma kilomita nawa ya kamata in tsara wa kaina a rana? Sannan wani ya ce min wai birkin roba bai da aminci a doguwar gangara idan da kaya, gaskiya ne ko tsoratarwa ce kawai? Na gode.

Makanikin_Keke ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Keken zai yi, amma giyarka ba za ta yi ba, kuma a nan nake so ka fara kafin ka sayi komai.

Bari mu yi lissafin tare don ka gani da idonka. Ƙafar keke irin taka idan ta juya sau ɗaya tana cin kusan mita 2.1 zuwa 2.2. Giyarka mafi sauƙi ita ce 34 a gaba 28 a baya, wato duk taka feda zagaye ɗaya ƙafar baya za ta juya sau ɗaya da ɗan wani abu, ka tafi wajen mita 2.6 ke nan. To a hawa mai tsauri da kilo 18 a bayanka gudunka ba zai wuce kilomita 6 a awa ba, wato mita 100 a minti. Ka raba 100 da 2.6, za ka ga feda zagaye 38 kawai kake yi a minti. Wannan ba tuƙi ba ne, dannawa ce da ƙarfin tsiya, kowane taku nauyin duka a gwiwa yake sauka, rana ta farko za ka jure, ta biyu gwiwa za ta fara yi maka magana ta uku kuma sai dai turawa.

Yanzu ɗauki keken da aka haɗa don irin wannan tafiyar, mai faranti uku a gaba, ƙaramin 22, baya 34. Taku ɗaya wajen mita 1.4 ne. A wannan gudun dai na kilomita 6 a awa feda za ta riƙa juyawa sau 70 a minti, ƙafa tana wulwulawa a hankali kana numfashi daidai har za ka iya magana da na kusa da kai. Tudun ɗaya ne, gudun ɗaya ne, amma mutum ɗaya zai kai sama a gajiye liƙis ɗayan kuma zai kai da sauran ƙarfin tudu na gaba.

Abin da za ka yi mafi sauƙi shi ne ka canza giyoyin baya zuwa masu kaiwa 34 ko 36. Sai dai ka lura, abin da ke sauya sarƙa a baya yana da iyakar girman da zai ɗauka, idan naka gajere ne sai an sa mai dogon hannu, kuma sarƙar ma sai an ƙara mata tsawo. 34 da 34 ɗin ma ni a ganina bai isa ba ga mai kaya, in da hali ka rage farantin gaba shi ma, a samu ƙaramin ya sauko 30 ko ƙasa da haka. Ƙa'idar da nake bi ita ce giyar baya mafi girma ta fi ƙaramin farantin gaba yawan haƙora, kuma da rata mai kyau. Ban taɓa jin wanda ya dawo daga tafiyar tsaunuka yana cewa giyarsa ta yi sauƙi da yawa ba.

Kar kuma wani ya sa maka a rai cewa giya mai sauƙi ta ragwaye ce. An daɗe ana wannan gardamar, babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, ma sai 1937 ta yarda manyan 'yan tserenta su yi amfani da abin sauya giya, kafin nan idan sun zo gindin dutse sauka suke su kwance ƙafar baya su juya ta ɗaya ɓangaren. Masu yawon buɗe ido da keke su suka riga su karɓar abin, irin su Paul de Vivie na Faransa da ya yi ta gwaje-gwajen giya tun farkon shekarun 1900, saboda shi burinsa ya hau dutse ya sauka lafiya gobe ma ya sake hawa.

Tayarka 32 za ta yi a kwalta da burji mai kyau, amma in firam ɗin zai ɗauki 38 ko 40 ka sa, kuma kar ka cika mata iska ƙam a hanyar tsakuwa. Ka sa a ɗaure maka sifokin ƙafar baya da kyau kafin ka tashi, nan ne nauyi yake kuma nan suke tsinkewa.

Hajiya_Tafiyayye ta rubuta:

Sannu ƙanina, Allah ya sa a yi a sa'a. Malam Makaniki ya gama magana a kan giya, ni tambayarka ta biyu zan taɓa don ita ce ta fi cin mutane.

Ka cire kilomita 80 ɗin nan daga kanka tukuna. A ƙasa mai tudu ba nisa ake fara dubawa ba, hawa ake dubawa, wato idan aka tara duk hawan da ke cikin hanyar mita nawa ne. Hanya biyu za su iya zama kilomita 50 kowacce, ɗaya hawanta mita 300 ɗaya mita 1,200, ta farko ka gama kafin rana ta take ta biyu kuma yini guda ce cur. Idan ka ga an rubuta hawa kashi 10 cikin 100, ma'anarsa a duk mita 100 da ka yi gaba ka hau mita 10. A ido kamar ba komai ba ne, amma da kaya kashi 5 ma za ka san kana hawa, kashi 10 aiki ne sosai, 15 kuma da yawa sauka suke su tura kuma babu abin kunya a ciki.

Ni yadda nake tsarawa, ina ba kowace mita 400 ta hawa awa guda ta kanta, ban da lokacin da nisan zai ci. Kai matashi ne wataƙila ka fi haka sauri, amma ka fara da wannan har ka san jikinka. Kwana biyun farko kar ka wuce kilomita 40 zuwa 50 da hawan da bai kai mita 800 ba, idan ka ga ka iso da wuri da sauran ƙarfi alhamdulillahi, ka zagaya ka ga wuri, ai abin da ya fito da kai ke nan.

Kuma akwai abin da mutane ba sa ganewa sai sun shiga. Dogon dutse guda ɗaya ya fi sauƙi a kan ƙananan tuddai masu yawa. A dogon hawa za ka samu giyarka ka zauna a kai jiki ya saba, amma hanyar karkara da ke yanka kwaruruka a gicciye, ka sauka rafi ka hau ka sake sauka ka sake hawa, ita ce ke tatse mutum, domin ba ka samun tsayayyen taku kuma gangarar gajeru ne ba sa isa ka huta. Tsofaffin ƙananan hanyoyi ma ba a yanka musu ƙasa kamar yadda ake wa manyan tituna ba, yadda tudun yake haka suke binsa, shi ya sa za ka ga guntun hawa mai tsananin tsauri a inda ba ka zata ba. Idan kana duba taswira ka nemi hanyar da ke bin gefen kogi ko wadda ke bin doron tudu, sun fi sassauci. Inda ka ga layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswira sun matsu da juna to wurin a miƙe yake.

Batun ci da sha kuma kar ka jira yunwa. Kai da keke da kaya in kun kai kilo 100, ɗaga wannan nauyin mita 1,000 sama kaɗai yana cin kusan kalori 1,000 a jiki, ban da na tafiyar kanta, saboda kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin abin da ka ci yake isa feda, sauran zafi yake zama. Ka riƙa ɗan cin wani abu kowace awa, ruwa kuma kurɓi kurɓi, idan gumi ya yi yawa ka nemi abu mai gishiri. A hanyar ƙauye za ka iya yin awanni ba ka ga inda za ka sayi komai ba, don haka duk inda ka samu ruwa mai kyau ka cika gorunanka ko da ba su ƙare ba.

Mara_Nauyi ya rubuta:

Ni fa gaskiya kilo 18 ɗin nan ne ya tsaya min a rai. Malam me ka zuba haka? Kafin ka kashe kuɗi a giya ka baje kayan a ƙasa ka ɗaga kowanne ka tambayi kanka yaushe zan yi amfani da wannan. Tufafi kala biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a wanke ya bushe a kan jaka kana tafiya. Da kilo 10 zuwa 12 mutum zai yi tafiyar mako har da tanti. A tudu kowane kilo sai ka biya shi da gumi.

Makanikin_Keke ya rubuta:

Mara_Nauyi maganarka gaskiya ce amma ba ta maye gurbin giya. Idan jimlar nauyi kilo 100 ne ya rage 6, kashi 6 cikin 100 ya samu sauƙi, giyar kuwa kusan rabin ƙarfin kowane taku za ta sauke masa. Ya yi duka biyun, amma in ɗaya zai zaɓa giya ce.

Mara_Nauyi ya rubuta:

Na yarda da lissafin Malam, amma ba a feda kaɗai nauyi yake ciwo ba. Ranar da zai tura keken a hawan tsakuwa takalmi na zamewa, ko ya ɗaga shi ya tsallake rafi, ko sifoki ya tsinke masa a inda babu mai gyara, lissafin kashi 6 ba zai taimake shi ba. Kuma duka a baya ya ɗaura fa. A hawa mai tsauri ƙafar gaba tashi take yi tana rawa idan nauyi ya taru a baya. Dan_Feda ka mayar da wani abu gaba, ko jakar da ake ɗaurawa a hannun keke ko ƙananan jakunkuna a cokalin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, masu nauyin kuma su zauna a ƙasan jaka kusa da tsakiyar ƙafa, hagu da dama su yi daidai.

Baba_Mai_Gangara ya rubuta:

Yaro sannu da ƙoƙari. Kowa ya yi maganar hawa, ni ta sauka zan yi, don hawa gajiya kawai yake sa wa, gangara kuwa ita ke kai mutum asibiti.

Wanda ya faɗa maka batun birki bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa ba. Duk tsayin da ka hau da guminka, idan za ka sauko birki ne zai shanye shi ya mayar da shi zafi. A birkin roba zafin nan rim yake shiga, kuma tif da taya a jikin rim ɗin suke, to idan ka riƙe birki ka ƙi saki tun daga sama har ƙasa a doguwar gangara da kaya, rim zai yi zafin da ba za ka iya taɓawa ba, iskar ciki ta ƙaru, robar birkin ta yi santsi, wani lokacin tif ya fashe. In na gaba ne ya fashe kana cikin gudu sai dai addu'a. Birkin faranti ma, wato mai matse faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafa maimakon rim, ba wai ya tsira ba ne, shi ma yana zafi har kamunsa ya ragu, illa dai zafinsa ba ya taɓa taya. Mutane sun shekara da shekaru suna ƙetare manyan duwatsu da birkin roba, don haka ba sai ka canza keke ba, hannunka za ka koya wa aiki.

Yadda ake yi, ka matse da ƙarfi gudu ya ragu sosai, ka saki iska ta busa rim, ka sake matsewa. Kar ka bar shi yana gogawa a hankali ba yankewa. Idan gangarar ta yi tsawo kuma tana da tsauri ka tsaya lokaci lokaci ka kai bayan hannu kusa da rim, in ya yi zafi ka jira ya huce. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke da gaske, kar ka ji tsoronsa, ka dai ja jikinka baya a kan sirdi ka matse a hankali ba fizga ba. Amma a kan tsakuwa ko yashi ka sassauta masa, musamman a kwana, don idan ƙafar gaba ta zame babu gyara. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana keke na tsaye, a cikin kwanar kuma fedar waje ta kasance a ƙasa ka danna ta, idonka a inda za ka fita.

Kuma hanyar karkara ba ta da tabbas a bayan kwana. Garken dabbobi, tarakta, yaro da ya fito a guje, yashin da ruwa ya zubo, rami, kwalbatin da ya karye, duk a can suke jira. Kar ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa a iya inda idonka ke gani ba. Yawanci ma a ƙasan gangara inda ake tsallake ruwa nan hanya ta fi lalacewa, daidai inda gudunka ya fi yawa. Idan an yi ruwa rim ya jiƙe birki ba ya kamawa nan take sai ya share ruwan, don haka ka fara matsewa da wuri. Ka sa sababbin robobin birki kafin tafiya ka riƙe wasu a jaka, ƙura da taɓo suna cinye su da sauri. Hular kwano kuma ba shawara ba ce, ka sa kawai.

Abu ɗaya kuma, ka ajiye riga mai tare iska a saman jaka. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga ka jiƙe da gumi, ga iskar gudu, sai hannu ya ƙage ka kasa matse birki yadda ya kamata. Ka sa ta a saman tudun kafin ka fara sauka.

Dan_Feda ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba wannan bayanin birkin ya shige ni sosai. Zan kai keken a duba ko abin sauya sarƙar zai ɗauki 34, kayan ma zan sake tacewa in mayar da tanti gaba. Hajiya saura tambaya ɗaya dan Allah, ya kike samun hanyar? Manhajar da nake amfani da ita kullum babban titi take tura ni, ni kuma shi nake gudu.

Hajiya_Tafiyayye ta rubuta:

Ai waccan don masu mota aka yi ta. Ka gwada Komoot ko OsmAnd ko Organic Maps, duk a kan taswirar OpenStreetMap suke aiki kuma suna nuna ƙananan hanyoyi har da na ƙafa, za ka iya zaɓar keke su zana maka hanya su nuna maka hoton hawa da saukar. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana gida saboda a cikin kwari sabis ɗaukewa yake yi, ka riƙe fawa bank, kuma ka rubuta sunayen garuruwan da za ka ratsa a takarda bi da bi, waya tana iya faɗuwa ko caji ya ƙare.

Sai dai kar ka ba manhaja amana ɗari bisa ɗari. 'Yan sa kai ne suke zana taswirar, wani wurin an bi shi da kyau wani wurin an daɗe ba a taɓa ba, za ta nuna maka hanya ka je ka tarar gona ce ko an sa shinge ko gadar ta tafi. Lissafin hawan ma kintace ne, ƙananan tuddai sukan ɓace mata. Don haka ka riƙa tambayar mutanen wurin, ka yi gaisuwa ka faɗi garin da ke gaba ba wanda ke can nesa ba. Kuma ka lura da wanda kake tambaya, mai mota zai ce maka hanyar lafiya lau babu wani hawa kuma ba ƙarya yake ba, shi bai taɓa jin tudun a ƙafarsa ba. Mai keke ko mai tafiya a ƙasa ko makiyayi su ne za su gaya maka gaskiyar hanya, har da inda ruwa yake da inda karnuka suke. Karen gona in ya biyo ka a hawa ba za ka tsere masa ba, ka sauka ka sa keken tsakaninku ka yi masa tsawa ka ja a hankali har ka fita daga wurin da yake tsaro, yawanci nan yake komawa.

Ka tambayi irin ƙasar hanyar ma idan lokacin ruwa ne. Mai tsakuwa tana shanye ruwa, amma mai yumɓu tana liƙe wa taya har ƙafar ta daina juyawa, a irin wannan ranar gara ka zagaya ta kwalta ko da ta fi nisa. Ka tashi da sassafe ka ci babban hawan kafin rana ta yi zafi, ka kuma nemi wurin kwana tun da sauran haske don a cikin kwari duhu yana riga ko'ina sauka. In gonar wani ce ko kusa da gidaje ka nemi izini kafin ka kafa tanti. Wani na gida kuma ya san hanyar da za ka bi da inda kake sa ran kwana kowace rana.

Kafin babbar tafiyar ka ɗaura kayan nan duka yadda za ka tafi da su, ka nemi tudun da ya fi kusa da kai ka hau ka sauka ka kwana ɗaya a waje ka dawo. A nan za ka ji ko sirdin ya dace da kai, ko dunduniyarka tana bugun jaka, ko keken yana rawa a gangara. Idan an canza giyar ka faɗa mana haƙora nawa aka samu a gaba da baya, Malam Makaniki ya sake buga maka lissafin.